Amarya Ba Ta Shan Ruwa

Kausar mai kwalliya ta zare robar ruwan daga hannun Shagufta, uwar amarya, ta ɗora ta can saman kabad, ta koma kan wuyan amarya tana shafa hoda kamar ba ta yi komai ba.

"Baji, kada ki ɓata mini aiki," ta ce, tana kiranta yadda muke kiran yaya. "Da zarar na ɗinke ta a cikin rigar nan, babu maganar banɗaki sai ta isa gidan miji. Ko ke za ki bi ta ki riƙe mata tufa mai kilo goma sha biyu?"

Matan da ke shagon kwalliyar suka yi dariya. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ce in dai ƙishirwa ce kaɗai matsalar aure, da kowa ya ji daɗi. Amare uku ne jere gaban madubi, kuma a cikinsu babu wadda ta sa ruwa a baki tun asuba. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba malamin da ya taɓa karanto ta a littafi. Amma a garinmu Multan, a tsakiyar Yuni, lokacin da kwalta ke kama takalmin mutum, muna hana yarinya ruwa wuni guda saboda tufa, kuma duk matar da aka tambaya amsarta ɗaya ce, ita ma haka aka yi mata, ga ta nan ba ta mutu ba.

Shagufta ta dubi 'yarta Rubab ta cikin madubi. Rubab ta yi mata ɗan murmushi, irin na a bar maganar.

Bara warhaka Rubab tana kwance a asibiti. Tsakuwa ce ta toshe mata ƙodar hagu, kafin a gane abin da ke damunta ƙodar ta riga ta lalace, ta dama ce kaɗai ta rage tana aiki. Likitan da ya sallame su ya ce maganinta na har abada shi ne ruwa, kada ta yarda ƙishirwa ta kama ta, balle da zafi. Da sanyi ya shigo dangin Hammad suka zo neman aure. Uwarsa, Begum Tasnim, ta tambaya ko yarinyar tana da wata lalura. Shagufta tana zuba mata shayi ta ce lafiyarta ƙalau. Ta ga yadda aka fasa auren 'yar maƙwabciyarta saboda tabarau kawai. Ita kuwa mijinta ya rasu, malamar firamare ce mai 'ya ɗaya, ba ta da wanda zai tsaya mata in magana ta ɓaci. Shi ya sa ta faɗi ƙaryar.

Ranar da suka je kasuwa zaɓen kaya, duk shagon da suka leƙa yayin bana ne a rataye: yadi shara-shara mara nauyi, ruwan hoda, ruwan madara, tsanwa mai haske, da ɗan aikin zare a bakin buje da bakin hannu. Masu shago suna ta cewa amaren Lahore da Karachi sun daina ɗaukar kaya a jiki, bana iska ake sawa. Gaskiya suka faɗa, sai dai iskar ta waɗanda ba sa bukatar nuna wa kowa komai ce. A unguwanni irin namu har yanzu da nauyi ake auna mutuncin gida, kuma a jikin yarinya ake ɗora sikelin.

Rubab ta tsaya gaban wata riga ruwan madara, ta ɗaga ta da yatsa biyu. A gidan su Hammad uwar ango ce ke sayen rigar ɗaurin aure, don haka ita ke da ta cewa. Begum Tasnim ta murza yadin, ta ce wannan ai labulen taga ne, kuma ita ba za ta shigo da suruka gidanta cikin farin kaya kamar mai takaba ba. Sai da ta faɗa ta lura da farin mayafin Shagufta. Ta kama hannunta tana ba ta haƙuri, ta daɗe tana ba ta, har haƙurin ya fi maganar ciwo. Ta zaɓi jan karammiski, buje mai faɗi da riga mai dogon hannu, an lulluɓe su da zaren zinari da duwatsu har ba a ganin jan sai an matso. Ta sa mai shago ya auna a gabanta, don ta san abin da za ta faɗa wa mutane. Shagufta ta ce ko za a bar bikin sai sanyi, aka ce Hammad a Sharjah yake aiki, can ƙasar Larabawa, a Yuni kaɗai ake ba shi hutu. Maganar ta ƙare a nan.

Yanzu ga rigar. Mata biyu suka ɗaga bujen suka zura wa Rubab. Kausar ta ɗauko allura ta ɗinke bayan rigar tun daga wuya har ƙugu don kada zip ya fashe a gaban jama'a, ta tsuke hannayen, tana tsokanar amarya cewa ango zai sha aiki kafin ya warware. Sannan mayafi, shi ma da nasa nauyin, aka kafe shi a gashi da fil har fatar goshin ta ɗaure. Shagufta ta hau kujera ta sauko da robar. Ta ce ko kurɓa biyu.

"Ammi, ki bari," Rubab ta ce a hankali. "In na sha zan ji fitsari. In na ce zan tashi a tsakiyar mutane, za a fara tambaya."

"Amarya ba mutum ba ce?"

"Yau kaɗai ne."

Shagufta ta cusa robar a jaka, suka fita.

An ɗauke wuta kafin su isa zauren bikin. Mai zauren ya ce janaretansa ba ya ɗaukar na'urar sanyaya wuri, sai dai fankoki da fitilu, kuma bai tambayi kowa ba ya ba masu hoto kaso mafi tsoka. Aka zaunar da Rubab a wani ɗan ɗaki mara taga ana jiran tawagar ango. An ce da azahar za su zo, amma angon da ya zo a kan lokaci cewa ake ya ƙosa, don haka ana ta jira.

Shagufta ta sami ƙaninta Irshad a bayan zauren yana faɗa da masu dafa abinci a kan nama. Shi kaɗai ne a dangi ya san maganar ƙodar. Ta ce masa tana tsoro, tana ganin gara ta gaya wa mutanen nan kafin a ɗaura. Irshad ya goge wuyansa da hankici, ya dube ta kamar ta ce za ta cinna wa wurin wuta.

"Baji, yau? Da shinkafa a kan wuta, da mutane a kan kujeru? Ki rufa mana asiri. A ɗaura tukuna, in ta zama tasu sa ji da ita."

Ta ce ba kaya ba ce da za a sayar a ɓoye aibinta. Ya ce shi bai ce kaya ba ce, shi dai ya san garin nan, ya juya ya ci gaba da faɗan nama.

Sai da aka kusa la'asar aka ji ganguna a ƙofa. Liman ya shigo ɗan ɗakin da shaidu, ya tambayi Rubab ko ta yarda. Leɓenta ya motsa, muryar ba ta fito ba sai da ya maimaita. Matan da ke bakin ƙofa suka gyaɗa kai, suka ce yarinyar akwai kunya.

Aka fito da ita dandamali, aka zaunar da ita kusa da Hammad a ƙarƙashin manyan fitilun masu hoto, waɗanda hucinsu ke isa har layin gaba. Mata suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta kama bakin bujen ta ɗaga ta ji nauyi, ta juya ta yi wa Begum Tasnim barka, kamar ita ce ke ɗauke da shi. A ƙasa ana cin shinkafar biryani ana shan ruwan ƙanƙara, maza sun cire kwat, yara sun kwanta a ƙarƙashin fanka. Mutum ɗaya ce a zauren nan aka hana ci, aka hana motsi, aka hana ɗaga kai, kuma ita ce aka ce taron nata ne.

Shagufta tana gaisawa da baƙi, idonta na kan dandamali. Da farko ta ga gumi yana keta hoda yana gangarowa wuyan Rubab, ta damu. Can ta sake dubawa ta ga gumin ya tsaya. Ta ɗan ji sauƙi, sannan ta tuna abin da likita ya ce game da jikin da ya daina gumi a cikin zafi.

Ta cika kofi ta nufi matakala. Gwaggo Nasira ta tare ta, yayar uban ango ce, mace ce da labari ba ya kwana a bakinta, abin da ta ji da safe ya isa unguwa uku kafin azahar. Ta ce jan-baki zai goge, ba a gama hoto ba, dangin Faisalabad ma ba su hau ba tukuna, kuma ita tunda take ba ta taɓa ganin amarya tana kwankwaɗar ruwa a gaban surukai ba.

Shagufta ta juya ta nemi Begum Tasnim, ta ja ta gefe. Ta shirya maganar a ranta tsaf. Da ta buɗe baki abin da ya fito shi ne yarinyar ta gaji, zafin ya yi yawa.

Begum Tasnim tana fifita da katin gayyata, ta yi murmushi.

"Ni a watan Yuli aka kai ni, 'yar'uwa. Rigata ta fi wannan nauyi, ko fanka babu. Sau biyu na suma. Uwar mijina har ta rasu tana ba mutane labarin."

Ta faɗe shi da fuskar wadda ke tuna ranar da aka ba ta lambar yabo. Shagufta ta duba fuskar sosai, ba ta ga mugunta a ciki ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya kashe mata jiki. Ta ce Allah ya jiƙan tsohuwa, ta koma da kofinta.

Lokacin miƙa amarya ya yi. Irshad ya ɗaga Alƙur'ani a saman kan Rubab, ƙawayenta suka kama bujen, aka fara tafiya zuwa ƙofa a hankali. A nan ne amarya ke kuka, mata kuwa sun matso don su gani. Rubab ta kwantar da kai a kafaɗar uwarta, jikinta yana rawa, amma da ta ɗago kwalliyar idonta tana nan yadda Kausar ta bar ta.

"Ko ɗigo," Gwaggo Nasira ta ce, ba ta ko rage murya ba. "'Yan jami'a ke nan. Tsoron kada kwalli ya zuba take yi, ko ɗokin Sharjah ne?"

Wasu suka yi dariya a cikin mayafi. Babu wadda ta tuna cewa hawaye ma ruwa ne, jikin da aka hana shi kuwa ba shi da inda zai samo.

A bakin ƙofa, inda hucin waje ya bugi fuska kamar an buɗe tanderu, gwiwoyin Rubab suka saki. Ba ta faɗi da ƙarfi ba. Rigar ta tsaya da kanta, ita ce ta nutse a ciki. Nan take magana ta juya. Aka ce ashe haɗiye kukan take yi. Aka ce ta kasa rabuwa da uwarta ne, marainiya, Allah sarki. Gwaggo Nasira da bakinta ta ce irin waɗannan 'ya'yan sun yi ƙaranci a zamanin nan. Wata ta ce a yayyafa mata ruwan wardi amma a kula da fuskar, wata ta ce a sa ta a motar ango kawai, za ta farfaɗo a hanya.

Shagufta ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin mayafin. Wuyan a bushe yake, da zafi kamar dutsen guga. Ta ɗago ta nemi angon, wanda magana ba ta taɓa haɗa su ba sai gaisuwa.

"Hammad, asibiti."

Ya dubi uwarsa tukuna. Sannan ya cire rawaninsa ya miƙa wa wani, ya sunkuya. Shi kaɗai ya kasa ɗaga ta, sai da Irshad ya kama masa.

Da motar da aka yi wa ado da furanni suka shiga asibitin. Likitar da ke bakin aiki ta taɓa Rubab, ta ce a cire mata komai yanzu, a kawo ƙanƙara da ƙarin ruwa. Nas ta juya ta tana neman zip, ta tarar da ɗinki. Begum Tasnim, wadda ta biyo su har cikin ɗakin, ta ce a dakata a kira mai kwalliya ta zo ta warware, shagon ba nisa, aikin hannu ne na watanni, in aka yanka ba ya gyaruwa. Nas ɗin ta tsaya da almakashi a hannu, ta dubi wannan ta dubi waccan. Ita ma 'yar garin ce, ta san yadda ake ɗaukar yanka rigar amarya ranar aurenta.

Shagufta ta karɓi almakashin. Karammiskin da kauri, zaren zinarin yana turjewa, sai da ta sa hannu biyu. Duwatsu suka riƙa zuba suna gangarawa ƙarƙashin gado. Ta yanka daga wuya har ƙugu, ta bi hannayen ta tsaga, ta ja bujen ya zube a ƙasa da ƙara kamar an yar da buhu.

Likitar tana neman jijiya ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, ko yarinyar tana da wata cuta ko tana shan wani magani. Begum Tasnim ta buɗe baki za ta ce lafiyarta ƙalau.

"Ƙoda ɗaya gare ta," Shagufta ta ce. "Ta hagu ta mutu bara."

Likitar ta ɗago. Ta tambayi yaushe rabon yarinyar da ruwa. Da ta ji amsar ba ta yi faɗa ba, da alama ta gaji da yin sa, ba yau ta fara ganin amarya a kan gadon nan ba. Ta ce duk su fita.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da likitar ta fito baranda ta ce Rubab ta farfaɗo, zafin ya fara sauka, amma ƙodar ta sha wuya, sai an ga yadda za ta yi a kwanakin nan. Ba tashi, ba zuwa ko'ina, tana kan gadon nan har sai ita ta ce.

Shagufta tana zaune a benci, Hammad ya zauna a ɗaya ƙarshen. Shagufta ta ce masa ba ta so ya ji maganar ta haka ba, laifin nata ne ba na Rubab ba, kuma duk abin da gidansu suka yanke ba za ta ga laifinsu ba.

"Na sani, Anti," ya ce. "Ta gaya mini a waya tun kafin baiko."

Shagufta ta juyo gare shi.

"Ka sani, ka zauna kusa da ita kana ganinta?"

"Na ce wa Ammi rigar ta yi nauyi. Ta ce me namiji ya sani." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Na so in faɗi dalilin, Rubab ta sa na rantse. Ta ce kin riga kin gaya wa Ammi lafiyarta ƙalau. In gaskiya ta fito yanzu, ke za a kira maƙaryaciya a garin nan."

Duk tsawon wunin nan Shagufta a zatonta ita ke rufa wa 'yarta asiri. Ta dubi hannunta, inda almakashi ya bar jan shaida a gindin babban yatsa, ta ji wata gajiya ta sauko mata wadda ko kuka ba ta bar mata ƙarfinsa ba.

Begum Tasnim tana can bakin taga tana waya. Ana jin ta tana gaya wa wani cewa babu komai, yarinya ce mai ƙulafucin uwa, zuciyarta ce ta kasa ɗauka. Da ta gama ta zo ta zauna tsakaninsu, ta dafa gwiwar Shagufta. Kwallinta ya zuba, fuskarta ta faɗa, ita ma ta ji jiki.

"Abin da kika faɗa a ɗakin can, ni ban ji ba," ta ce. "Babu wanda ya ji. Mutane sun riga sun ce kunya ce da son uwa, mu bar su a haka, ya fi mana gaba ɗaya. Ba zan ƙi yarinyar ba, ɗana yana son ta." Ta numfasa. "Sai dai walima gobe ce, an gayyato mutane daga nesa. In ba a ga amarya ba za a yi tambaya. Ɗan zama kaɗan za ta yi, a yi hoto, a dawo da ita. Rigar goben ba ta kai ta yau nauyi ba."

Abin da Shagufta ta yi watanni tana roƙon Allah ke nan, asiri ya rufu, aure ya tsaya, ga shi an kawo mata har kan benci. Abin da ake nema a madadinsa ɗan zama ne kawai a ƙarƙashin fitilun nan. Ta dubi Hammad. Takalminsa yake kallo.

Ta san in ta ce a'a, da safe za a dawo da maganar. Irshad zai zo, manyan gidan ango za su zo, a yi ta lallashi har Rubab da kanta ta tashi ta ce a ba ta rigar don a bar uwarta ta huta. Muddin akwai abin da ake ɓoyewa, ba za a rasa wanda zai ce a daure ba.

Ta yi wa Begum Tasnim godiya, ta miƙe. A ƙarshen barandar, bayan ƙofar gilashi, matan biki sun taru da kayansu masu ƙyalli, suna fifita suna jiran labari. Ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmin biki, ta cire shi ta riƙe a hannu. Ta tura ƙofar, ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nufi Gwaggo Nasira, don ba ta da ƙarfin da za ta faɗi maganar ƙodar sau biyu.